Zuwa ga Taubashina, Marubucin Akokan

Taubashi, bawan gidanmu,

Goggo ta ce tun da aka rufe mahaƙar yuraniyam ta COMINAK a watan Maris na 2021 ka rataye hular kwano ka ɗauki biro, wai kai ma fim mai dogon zango za ka rubuta wa talabijin. Madalla. Na karanta abin da ka aiko. Alhaji mai gidan bene a Kano, 'yarsa na kuka a bakin kogi, ga ruwan sama kamar da bakin ƙwarya. A Arlit ka ga kogin? Kai da ko Tawa ba ka wuce ba sai da amai ya kama ka a mota.

Masu rubuta wa Arewa24, tashar da ta fara aiki a 2014, sun fi ka sanin Alhajin Kano, tare suke sallar Juma'a. Abin da ba su da shi yana ƙofar gidanka: garin da aka kafa a tsakiyar hamada saboda yuraniyam, unguwar manyan ma'aikata da wuta da famfo, talaka a gefe yana shan ƙura, magidancin da ya tsufa a ƙarƙashin ƙasa ya fito da tari, yaran da suka bazama Cibarkaten haƙar zinariya. Wani ɗan Benin, Idrissou Mora-Kpaï, ya zo ya yi fim a kan garin tun 2005. Amina Weira, wadda mahaifinta ya yi aikin ma'adinin, ta yi nata a 2016. Kai kana ina? Kana fada kana shan shayi na uku.

To saurara, kyauta zan ba ka, tunda na san aljihunka. Furodusa ba ya karanta shafi ɗari. Kai masa labarin a shafi ɗaya, da kashi na farko a kammale. Kowane kashi ya ƙare inda mai kallo zai kwana da tambaya, haka shirin Labarina ya riƙe mutane shekara da shekaru. Rage wurare, rage 'yan wasa. Jirgin saman nan da ka sa ya faɗi a kashi na biyu, wa zai biya? Kuma ka saurari yadda mutane ke magana a kasuwa, Hausarsu da Tamashek da guntun Faransanci a cakuɗe, don 'yan fim ɗinka duk kamar masu karanta labarai a Télé Sahel suke.

In babu wanda ya kula ka, tara samari, ɗauka da waya, sa a YouTube. Shirin Izzar So ta nan ya yi suna. In kuwa an saya, a rubuta yarjejeniya, a sa sunanka a allo, kada ka yarda da "sai an sayar mu gani".

Sai batun mugun taubashin da ka sa a labarin, mai rowa da katon ciki. Na gane shi. Ka cire shi kafin cika-ciki, ko kuɗin sharar bana ka nema wurin Alhajinka na Kano.