Gilashi Ya Ƙi Hawa, Masana Sun Taru

Gilashin mota ba ya ƙin hawa sai ya zaɓi lokaci. Ko dai hadari ya haɗo daga gabas a tsakiyar Agusta, ko kuwa mai motar ya tsaya a bakin Kantin Kwari zai shiga ya bar kaya a kujerar baya. Ya danna maɓalli, shiru. Ya sake dannawa, shiru. Kafin ya gama salati jama'a sun kewaye ƙofar, alhali bai kira kowa ba.

Mai Dannawa ne ke fara isowa. Shi a ganinsa mai motar ne bai iya danna maɓallin motarsa ba. "Matsa in gani, Alhaji." Ya danna da babban yatsa, ya koma manuni, ya danne har robar ta yi ƙara, sannan ya miƙe ya sanar da jama'a sakamakon bincikensa: "Wallahi ya ƙi."

Sai Mai Duka. Shi cewa zai yi a riƙe maɓalli sama, ya buɗe ƙofa ya maido ta garam. Abin haushin, wani lokaci dabararsa tana ci. Ƙaramin injin da ke cikin ƙofa yana da 'yan burushin gawayi da ke kai masa wuta. In sun cinye, girgiza kan sa su sake taɓawa, gilashi ya hau sau ɗaya tak. Tun ranar da haka ta faru a hannunsa ya naɗa kansa injiniya. Yanzu rediyo da janareta da fanka, duk duka yake rubuta musu.

A kujerar baya kuma akwai ɗan autan gida, wanda ya san sarai shi ya danne maɓallin kulle da ke ƙofar direba, wanda ke hana sauran gilasai motsi. Ba zai faɗa ba. Kallo ya yi daɗi.

Duk cikinsu babu kamar Baba Ɗan Fansho. Shi ba ya gaggawa. Yakan iso da lema a hammata da jaridar jiya a hannu, ya tsaya nesa kaɗan, ya ƙare wa motar kallo daga fitila zuwa but, yana girgiza kai irin na wanda ya daɗe yana jiran wannan rana. Ƙofar kuwa ko da yatsa ba zai taɓa ta ba.

"Yaro, 'yar wace shekara ce?"

Ko me aka ce masa, amsarsa ɗaya: "Ai shi ya sa."

Daga nan sai tarihi. Fijo 504 ɗinsa, haɗin Kaduna, daga masana'antar da ta fara aiki a 1975, ya saye ta da bashin mota na gwamnati a zamanin da kuɗin Udoji ke yawo a aljihun ma'aikata. Gilashinta hannun murɗawa gare shi. A nan Baba zai miƙa wa wani jaridar ya riƙe masa, ya durƙusa kaɗan ya shiga murɗa iska a hankali, don 'yan baya su ga yadda ake yi. Ya je Maiduguri da ita, ya hau tsaunukan Jos, ya kai amarya Gusau cikin ruwa kamar da bakin ƙwarya, gilashin nan bai taɓa neman izinin batir ba. In wani ɗan boko ya yi karambanin cewa ai gilashin lantarki ya girmi 504, tun 1940 kamfanin Packard na Amurka ya sa shi a mota, sai Baba ya dube shi sama da ƙasa ya ce, "To ina kamfanin yake yau?" Shi ke nan ya kashe bakin kowa, don kuwa Packard ya daina ƙera mota tun kafin Najeriya ta samu 'yancin kai.

Abin da Baba ba ya tunawa shi ne, a ƙarshen rayuwar Fijon nan hannun murɗawa guda ne ya rage, ana karɓa-karɓa da shi daga ƙofa zuwa ƙofa, yadda direbobin tasi ke miƙo wa fasinja daga gaba. Da yayyafi ya fara kuwa, sai ya naɗe lacca ya ce, "Ko ta Gyaɗi-Gyaɗi za ka bi?" Ya shige motar da ya gama zagi, ya zaɓi gefen da gilashinsa ke rufe.

Sauran ba sa buƙatar dogon bayani. Ɗan Waya ya buɗe YouTube, yana nuna wani Bature a garejinsa yana kwance ƙofar wata mota dabam, data ta ƙare daidai inda za a cire marfi. Gwaggo ta ce baki ne, tun ranar da aka kai motar gidan biki ta ga irin kallon da ake yi mata. Ɗan Kamasho kuwa tun ba a san ciwon ba ya samo magani: yana da mutum a Ƙofar Ruwa, in a Kaduna ne a Panteka, mai injin gilashi ɗan Beljiyam, "ko taɓa shi ba a yi ba."

Mai rewaya na gaskiya ana gane shi da kunne. Kafin ya ɗauki sukundireba sai ya tambaya: duk gilasan ne suka mutu ko ɗaya? In duka ne, fiyus zai fara dubawa. In ɗaya ne, ya gwada daga ƙofar direba, ya gwada daga ƙofar kanta. Sannan ya kara kunne. Injin yana gurnani gilashi bai motsa ba, to igiyar ƙarfen da ke jan sa ta tsinke ko ta sarƙe. Shiru ne amma fitilar cikin mota ta ɗan dusashe in an danna, to wuta tana isa, injin ne ya cije, ko ƙurar hunturu ta daskare a robar gefe ta riƙe gilashin. Shiru ne fitila ba ta ko ƙifta ba, sai ya koma kan maɓalli, ko ya janye robar nan mai lanƙwasa da ke tsakanin ƙofa da jikin mota, inda wayoyi ke karyewa saboda yawan buɗewa da rufewa. Irinsa ba su da yawa, kuma kullum da layi a bakin shagonsu.

Wanda ya fi yawa shi ne jabunsa, kuma shi kam ba abin dariya ba ne. Yana zuwa sai ɓamɓare marfin ƙofa, 'yan ƙusoshin roba suna karyewa ɗaya bayan ɗaya. Ya yage ledar da masu ƙera motar suka manna don kada ruwa ya ratso ciki, ya jefar. Ya yanke waya don ya ga ko da wuta, ya murɗe ta da haƙori, ya naɗe da guntun salatif. Mafi muni, in ya tarar fiyus ya ƙone, maimakon ya nemi abin da ya ƙona shi, sai ya cire rawaya mai lamba 20 ya cusa kore mai lamba 30. In shi ma ya ƙone, ya tsinko zaren jan ƙarfe ya haɗe bakin biyu ya ce, "Oga, yanzu har abada." An yi fiyus ne don ya mutu a madadin waya. Wanda ya haɗe shi ya mayar da wayar da ke cikin ƙofa abin ƙonewa, a motar da ake kai yara makaranta, a kuma ƙofar da za su fita ta cikinta in wuta ta tashi. Ya karɓi kuɗinsa cif, ya miƙo ƙusoshi uku a tafin hannu ya ce waɗannan ƙari ne.

Waɗanda suka sha a hannunsa su ne ke shiga jam'iyyar 'yan leda. Su sun yafe gyara. Wani ya ja gilashin sama da tafin hannu biyu ya tokare shi da guntun katako daga ciki, ya kafa doka a gida cewa duk wanda ya taɓa maɓallin nan shi da Allah. Wani ya shimfiɗa farar leda ya zagaye ta da salatif, tana kaɗawa fat-fat tun daga Kano har Zariya. A shingen bincike sai sun buɗe ƙofa gaba ɗaya kafin su gaisa da jami'i, a gidan mai ma haka, mai lemo a gosulo kuwa sai ya zagaya ta ɗaya gefen. In an tambaye su, "wannan satin" za a kai ta, kuma tun sallar bara suke faɗin haka. Mai wannan shafi ba zai tsananta musu ba. Zai dai shaida cewa ledar da ake naɗo sabuwar katifa ta fi ta shinkafa jure iska, kuma salatif mai faɗi ya fi ƙarami riƙo a kan fenti in rana ta take.