Jaje da Ɗan Tsegumi Zuwa ga Tsohon Barikin Vauban

Zuwa ga Tsohon Barikin Vauban,
Kudancin birnin Freiburg,
Ƙasar Jamus.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa irin ta yaro ga babba, da tambayar iyali, ko da yake iyalin da ke gidanka yanzu ba kai ka haife su ba, dalilin wannan takarda shi ne in yi maka jajen abin da ya same ka. Ya zo a makare da shekara talatin da 'yan kai, amma jaje ba ya tsufa.

An gina ka a ƙarshen shekarun 1930 don sojojin Hitler, aka raɗa maka sunan Schlageter, mutumin da Faransawa suka harbe a 1923 saboda zagon ƙasan da ya yi musu a yankin Ruhr. Da aka ci Jamus da yaƙi a 1945, Faransawan suka shigo suka tarar da sunan wanda suka harbe a ƙofar gida, suka kankare shi, suka sa na Vauban, injiniyan yaƙin Sarki Louis na 14, wanda ya taɓa kewaye wannan birni da ganuwa bayan Faransa ta kama shi a 1677. Ko a wajen suna ba wanda ya nemi jin ta bakinka, kai ma ba ka taɓa neman jin ta bakin kowa ba. A zamaninka baki ɗaya ke magana, saura su ƙame.

Sai 1992 ta zo, Faransawa suka naɗe komatsansu suka yi gida. Hukumar birni ta saye ka daga hannun gwamnatin tarayya, fili kimanin hekta 40, da niyyar rushewa, a yanka fuloti, a sayar. Da an yi haka da ka mutu mutuwar soja, katafila ta bi ta kanka, a wuce wurin. Allah bai nufe ka da wannan sauƙi ba. Ɗalibai da masu ƙaramin ƙarfi suka riga katafila isowa, suka ce gine-ginenka garau suke, a bar su su gyara su zauna. Aka ja, aka ja, ƙungiyarsu mai suna SUSI ta tsira da dogayen gine-gine huɗu, hukumar kula da ɗalibai ta mai da wasu ɗakunan kwana. Ɗakin da kurtu ke goge takalmi tun asuba, yau ɗan jami'a ne ke barci a ciki har rana ta take.

Duk wannan mai sauƙi ne. Babbar jarrabawar ita ce taro. A 1994 wasu mazauna birnin suka kafa ƙungiyar Forum Vauban, a 1995 hukuma ta amince ita ce bakin jama'a a kan yadda za a tsara ka. Kai da ka ga tankar yaƙi ba ka girgiza ba, sai ga ka a hannun ajanda. Kwamitin zirga-zirga, kwamitin makamashi, kwamitin gini, kowanne da ranar zamansa da mai rubuta abin da aka tattauna. Na tabbata a tsawon aikinka ba ka taɓa ganin an kwashe dare ana muhawara a kan inda za a kafe keke ba.

Amma gaskiya ɗaya ce, Baba, naka taron ya bambanta da wanda duniya ta saba da shi. Wancan kowa ya san shi: a kafa rumfa, a manna taswirar da aka riga aka buga wa hatimi, a raba ruwan roba da takardar sa hannu, sannan a ce "akwai mai tambaya?" daidai lokacin da yaro ke naɗe wayar lasifika. Mutanenka ba su yarda da wannan ba. Sun sami ofis, sun sami ma'aikata masu albashi da kuɗin tallafi daga birni da wata gidauniyar muhalli da Tarayyar Turai, suka ɗauko nasu masanan. Idan injiniyan hukuma ya baje taswira, su ma sai su baje tasu. Mai ra'ayi ana iya yi masa godiya a sallame shi. Mai taswira da lauya dole a jawo masa kujera.

Dubi yadda suka yi da mota, a ƙasar da ta haifi Mercedes da Volkswagen. Dokar gini ta jihar Baden-Württemberg ta ce kowane gida sai da wurin ajiye mota. Mutanenka ba su karya doka ba, zagaye ta suka yi har ta yi jiri. A yawancin layukanka ba a ajiye mota a ƙofar gida. Ka shigo a hankali kamar mai tafiya a ƙasa, ka sauke kaya, ka fita. Mai mota ya sayi gurbi a garejin bene da ke bakin unguwa, a kan kuɗin da ya haura yuro 17,000, ya riƙa takawa zuwa wurinta kamar mai zuwa gaishe da suruka. Wanda ba shi da ita kuwa, duk shekara sai ya sa hannu a takarda cewa har yanzu ba shi da ita. Don a rufe bakin doka, ƙungiyar marasa mota ta sayi fili ta ajiye, ko da wata rana za su tuba su saya. Filin yana nan, ciyawa ta rufe shi, yara na wasa a wurin da aka tanada don motocin da babu su. A 2006 taragon lantarki ya iso har tsakiyarka, a 2009 kuma jaridar New York Times ta ruwaito cewa kashi 70 cikin 100 na iyalanka ba su da mota.

Wajen gini ma haka. Maimakon a miƙa wa manyan 'yan kwangila filin gaba ɗaya, sai aka sayar da fuloti da yawa ga ƙungiyoyin iyalai. Abin kamar adashi ne, sai dai nan kwasa ɗaya ce kuma ta kowa ce: gida goma ko ashirin su haɗa kuɗi, su ɗauki mai zane, su gina bene su raba, ribar dillali ta zauna a aljihunsu. Aka fara gini a 1998. Aka bar maka tsofaffin itatuwanka, aka mai da gidan shaƙatawar hafsoshinka zauren unguwa, aka sa wa wani layi sunan Georg Elser, kafintan da ya dasa wa Hitler bam a 1939. Wannan kam ban san yadda ka haɗiye shi ba. A gefenka kuma mai zanen gine-gine Rolf Disch ya gina gidaje 59 masu rufin sola, waɗanda wutar da suke samarwa ta fi wadda suke sha.

To, ga tsegumin, ka matso da kunne.

Su wa suka zo taron nan? Wanda zai zauna daga magariba har tsakar dare, mako bayan mako, shekara da shekaru, yana gardama a kan kaurin bango da faɗin layi, mutum ne mai lokaci, mai ilimin karanta taswira, mai Jamusancin da zai ƙure jami'in hukuma, kuma mai abin da banki zai gani ya ba shi bashi. Mai aikin dare a asibiti tana bakin aiki a lokacin. Direban babbar mota yana hanya. Baƙon da ya zo neman abinci, harshen ma bai gama kama shi ba balle ya ɗaga hannu. Ba wanda ya hana su shiga, ƙofa a buɗe take, shi ya sa ma ba wanda ya ji ya yi laifi. Da aka gama, unguwa ta fito sak waɗanda suka zauna a kujerun. An so kashi ɗaya cikin huɗu na gidajen ya zama na masu ƙaramin ƙarfi, tallafin gwamnati ya ja baya, aka ƙare ƙasa da haka nesa ba kusa ba. A zaɓen jiha na 2011 jam'iyyar masu rajin kare muhalli ta kwashe sama da kashi 70 na ƙuri'unka. Baba, ko a zamanin fareti ba ka taɓa samun sahu ya daidaita haka ba.

A shekarar nan ta 2011 kuma 'yan sanda suka tashi masu zama cikin tsofaffin motoci da tireloli a bakin ƙofarka, aka gina otal a wurin. Otal ɗin yana ɗaukar masu buƙata ta musamman aiki, ban hana shi ladansa ba. Ita kanta Forum Vauban ta karye a 2004, bayan Tarayyar Turai ta ce a dawo mata da wani kaso na kuɗin tallafinta. Ƙungiyar da ta kayar da mota a Jamus, takardun lissafi suka kayar da ita.

Kada ka ce na raina maka. Ka tuna ɗan'uwanka na Landan, Barikin Chelsea, da aka sayar fam miliyan 959. Can ma an baje zane, an saurari maƙwabta, masu so da masu ƙi suna ta kai gwauro suna kai mari. Sai a 2009 Yarima Charles, sarkin Ingila na yanzu, ya rubuta wa firaministan Katar takarda cewa zanen da mai zanen gine-gine Richard Rogers ya yi wa filin bai kwanta masa ba. Kamfanin Katar mai filin ya janye zanen. Mu da muka tashi a ƙofar fada ba sai an yi mana fassara ba. Idan aka auna ka da wannan, kai shugaban dimokuraɗiyya ne.

Ƙannenka na wajenmu kuwa, na Yamai da Faransawa suka bari a ƙarshen 2023, da na Agadas da Amurkawa suka bari a 2024, ba su yi ritaya ba tukuna. Kaki kawai suka sauya, sojan gida ya karɓi mabuɗi. Ranar da za a tara jama'a a kan ɗayansu, zan aiko a ɗauki kwafin taswirarka, amma jerin mahalarta taronka ka riƙe abinka.

Saura 'yar alfarma. Na ji haya a wurinka ta yi tsada, masu jira kuma sun yi yawa. Idan ɗaki ya faɗi a ɗaya daga gine-ginen nan huɗu, ka sa baki. Na san yanzu ba ka da ikon ba da oda, don haka ka roƙi mai rubutu ya sa sunana a ajandar zama mai zuwa, ƙarƙashin "sauran batutuwa". Ba ni da mota, kuma a shirye nake in sa hannu duk shekara, har da shaidu biyu idan ana so.

Ka huta lafiya.

Naka,
Wani mai nema daga nesa