To Alhaji, Ko Za Ka Miƙa Hannunka a Koya?

Na ji ku, masu cewa an mai da makarantun koyon aikin jinya gidan wasan yara. Wai a biya kuɗin makaranta, yarinya ta je ta wuni tana yi wa 'yar tsana allura. Har da masu cewa, "Roba ce fa! Roba tana jin ciwo ne?" Ba ta ji, Alhaji, shi ya sa aka zaɓe ta. In ranka bai so ba, bismillah, naɗe hannun riga, ga aji guda suna neman jijiyar da za su koyi sa ƙarin ruwa. Ya na ga kana ja da baya?

Kuma abin ba na jiya ba ne. Tun 1911 asibitin Hartford a Amurka ya samu mutum-mutumi mai girman mace daga hannun Martha Chase, mai sana'ar 'yan tsana, ana koyon juya maras lafiya da sauya masa tufafi a kansa. A 1960 Asmund Laerdal, mai ƙera kayan wasan yara a Norway, ya fito da Resusci Anne, wadda ake danna wa ƙirji don koyon farfaɗo da wanda zuciyarsa ta tsaya. Ana so a danna sau 100 zuwa 120 a minti, ƙirjin ya lotsa santimita 5 zuwa 6. Wane mai lafiya ne zai kwanta a gwada wannan a haƙarƙarinsa? Irin waɗannan 'yan tsana na zamani ma har numfashi suke yi, su yi tari, malami na juya bugun zuciyarsu ta kwamfuta.

Ga inda za ku dara: ɗaliban tsoron shiga ɗakin gwaji da mutum-mutumin suke yi. Yarinyar da ta haddace littafi, sai ka ga hannunta na karkarwa a gaban roba. Hajiya, kafin ki ce ragwanta ce, tuna ranar da kika fara tuƙa tuwo uwar miji na zaune tana kallo. Idon malama da na 'yan aji shi ke karya wa ɗalibar gwiwa, wani wurin ma ga kyamara na ɗauka.

Malaman da suka san aiki ba sa jefa ɗalibi haka kawai. Sukan bari a fara taɓa mutum-mutumin, a laluba inda jini ke bugawa, a san inda kowane kayan aiki yake. A faɗa wa ɗalibai yau babu maki, kuma kuskuren da aka yi a ɗakin nan ba ya fita waje. In an gama a zauna a tambaya, "Me kika gani kika yi haka?" Malamin da ya daka tsawa a nan, a ganina, ya yi asarar kuɗin robar.

Za ku ce mutum daban, roba daban. Gaskiyarku, ba wanda ya ce a daina zuwa asibiti. Amma wani babban bincike da majalisar hukumomin aikin jinya ta Amurka ta fitar a 2014 ya nuna ko rabin lokacin koyon aiki aka yi a ɗakin gwaji, ɗalibai ba sa gazawa, muddin akwai kayan kirki da horarrun malamai.

In 'yarku ta dawo gida ta ce yau majinyacinta na roba ya mutu a hannunta, ku riƙe dariyarku, ku tambaye ta abin da za ta gyara gobe.