Zare Takwas, Ƙulli Biyar, da Shuɗin da Ya Ɓata

Na hango ku, masu taɓe baki. Tun ba a je ko'ina ba wani ya ce, "Duk abin da ke damun duniya, a rasa na rubutawa sai zaren rigar Yahudawa?" Malam, kwantar da hankalinka. Sanin yadda wasu ke ibadarsu ba ya karya alwala, kuma ba wanda ya ce ka je ka ɗinko irin tasu. Gyara zama ka karanta. In ka gama, bakin naka ne, ka ci gaba da taɓewa.

A littafi na huɗu na Attaura, sura 15, an umarci Bani Isra'ila su ɗaura tuntaye a kusurwoyin tufafinsu, su sa shuɗin zare a ciki, domin duk sa'ad da idonsu ya faɗa kai su tuna da dokokin Ubangiji. Littafi na biyar, sura 22, ya ce kusurwoyin huɗu ne. Tuntun suna kiransa tsitsit, mayafin kuma talit. Akwai babba, wanda ake lulluɓa da shi a addu'ar safe, yawanci fari mai ratsin baƙi ko shuɗi. Akwai ƙarami, ƙyalle mai ramin wuya a tsakiya, da ake sawa ƙarƙashin riga duk yini. Zarurrukan nan da kuke gani suna reto a ƙugun wasu mazaje a hotunan Birnin Kudus ko Niyok, har kuna cewa tela ya manta bai datse ba, su ne.

Tunda an ambaci tela, maigida mai keken ɗinki, na ji ka ce minti biyar ya ishe ka ka gama. Bismilla. Da farko, zaren shagonka ba zai yi ba, sai wanda tun wurin kaɗi aka yi niyyar cewa don wannan umarni ake kaɗa shi. Za ka huda kusurwa, kada ramin ya wuce faɗin yatsu uku daga baki. Ka zura zare huɗu, ka ninka su koma takwas, ɗaya ya fi sauran tsawo domin shi ne na naɗi. Ka yi ƙulli mai ruɓi biyu, ka naɗa sau 7, ka ƙulla, ka naɗa sau 8, ka ƙulla, sau 11, ka ƙulla, sau 13, ka rufe da ƙulli na biyar. Wannan tsarin Yahudawan Turai ke nan, Ashkenazi. Wasu daga cikin Sefardi, waɗanda asalinsu Andalus ne, 10, 5, 6, 5 suke naɗawa. Ka gama kusurwa ɗaya? Saura uku. Kuma in ɗaya ta lalace, sauran ukun ba su isar ba. Ina minti biyar ɗin?

Ga kuma mai wayon unguwa, wanda kowace doka sai ya nemo mata ƙofar baya. Ya ce, "To in rigata ba ta da kusurwa huɗu fa?" Ka yi daidai, ɗan'uwa, ba komai a kanka. Kai, ko kusurwa ɗaya aka yi wa yankan da'ira, tufar ta fita daga hukunci. Kayan zamani kuwa, shat da wando da kwat, ba su da wannan siffa, wato da sun so da tuni sun huta. Sai suka je takanas suka ɗinka ƙyalle mai kusurwa huɗu domin dokar ta hau kansu. An buɗe musu ƙofar fita, suka koma ciki suka zauna. Kai da za ka ba su shawara, ka ga ba irin wayonka suke nema ba.

Hukunce-hukuncen ba su tsaya nan ba. Tunda an ce a ga tuntun, dare ba lokacinsa ba ne, kuma ba a yi masa addu'ar sawa sai gari ya waye har ido ya iya bambanta shuɗi da fari. Daren da jama'a ke lulluɓa da babban mayafin shi ne daren Yom Kippur, ranar azuminsu da neman gafara. In mutum zai shiga maƙabarta yakan cusa tuntayensa cikin kaya, domin kada ya yi wa mamata gorin ibadar da ba za su ƙara iya yi ba. A wurare da yawa da mayafin ake binne mutum, bayan an yanke tuntu ɗaya. Samari kuma ku matso: a al'adar yawancin Ashkenazi, sai ka yi aure za ka fara yafa babban talit. Kallo ɗaya ake yi wa sahu a gane tuzuru. Ku gode wa Allah.

Hajiya, na ga kin ɗaga gira, kina tambayar ina mata. Malamansu na gargajiya sun ɗauke wa mata wannan nauyi, saboda umarni ne mai ƙayyadadden lokaci. Amma ba kowace ce ta yarda a ɗauke mata ba. Tun 1988 wata ƙungiyar mata ke zuwa Bangon Yamma, wurin ibadarsu a Kudus, suna addu'a da talit a kafaɗa, 'yan sanda na kama wasunsu, har a 2013 wata kotu a birnin ta ce ba su karya doka ba. Gardamar dai ba ta mutu ba.

Duk wannan ba a nan gizo ke saƙar ba. Mai lura zai ce, an yi maganar shuɗin zare, amma tuntayen da yake gani farare ne fat. Madalla, yau dai ka yi shakka mai amfani. Shuɗin, wanda suke kira tekelet, littafinsu Talmud ya ce daga wata halittar teku mai suna hilazon ake samo shi. Rini ne mai tsada, dangin jan shunayyar da garin Taya na ƙasar Labanan ya yi suna da ita, har sarakunan Rum suka riƙa sa masa takunkumi. Inda abu ya yi tsada kuwa, jabu ba ya nisa. Jabun shi ne shunin ganye, kuma ido ba ya raba su. Sai da malamai suka ƙirƙiro gwaji: a jiƙa zaren cikin alif da ruwan hulba da fitsari, daga dare zuwa safe, in ya koɗe a jefar. Daga baya sanin halittar ya ɓace ɗungurungum.

A nan nake son ku tsaya. Shunin ganye yana nan a kasuwa, ga araha, ga kama. Da sun tsoma zare a ciki, wa zai gane? Suka ƙi. Sama da shekara dubu suna ɗaura farin zare zalla. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Amma ba su daina gardamar zare nawa ya kamata a rina ba in an samu: malaminsu Musa bin Maimun, wanda ya rasu a Masar a 1204, ya ce ɗaya cikin takwas, wani ya ce biyu, wasu suka ce huɗu.

A ƙarshen shekarun 1880 wani malami daga garin Radzin na ƙasar Folan, Gershon Leiner, ya tafi Nafoli a Italiya, gidan da ake ajiye halittun teku, ya dawo ya ce ya gano ta: wata dabbar ruwa mai hannuwa da yawa, mai fesa baƙar tawada. Mabiyansa suka rina zare suka ɗaura. Sai ga ɗan'uwanku a shakka, Isaac Herzog, wanda ya rubuta kundin digirinsa na uku a kan rinin a 1913 a Jami'ar Landan. Ya aika zaren ɗakin gwaji, aka ce launin daga garin ƙarfe da sinadaran da ake haɗawa yake fitowa, ko jinin bijimi aka zuba a madadin tawadar haka zai fito. Shi Herzog hankalinsa ya karkata ga wani dodon koɗi na tekun Bahar Rum, sai dai rininsa shunayya yake bayarwa. A farkon shekarun 1980 wani masanin rini a Isra'ila, Otto Elsner, ya lura cewa in ruwan rinin ya sha rana kafin a tsoma ulu, shuɗi yake fita tas. Rana ce ke cire sinadarin bromin da ke ja shi zuwa shunayya. Tun farkon shekarun 1990 ake sayar da zaren da aka rina ta wannan hanya.

Marinan Ƙofar Mata, wannan taku ce. Abin da ke saura bayan rana ta yi aikinta, a ilimin sinadarai, shi ne ainihin launin da kuke samu daga baba. Shi ya sa tun zamanin da can ido ya kasa raba su. Amma kada ku fara lissafin kwangila: a shari'arsu sai na halittar teku, naku ko ya fi kyau ba ya isarwa. Kuma har yau yawancin masu riƙo da addininsu fari suke ɗaurawa, domin manyan malamai da dama sun ce abin da aka daina gadonsa hannu da hannu ba a dawo da shi da hujjar ɗakin gwaji.

Saboda haka, masu shakka, ba ku kaɗai ba ne, kuna da abokan sana'a a can. Bambancin kawai, su sai sun karanta, sun jiƙa, sun gwada, sannan su ce ba su yarda ba. Ba a nemi ku yarda da addinin kowa ba. Amma gobe in kun ga wata al'umma tana abin da ba ku gane ba, ku fara tambaya tukuna, dariyar ba za ta gudu ba.