Kirdadonmu da na likitoci

Mu nan Gadarif ba ma jiran likita kafin mu raɗa wa ciwo suna. Yaro ya wuce mako biyu zazzaɓi bai sauka ba, an ba shi maganin cizon sauro bai ji ba, ya rame, ciki ya kumbura ta gefen hagu. Kafin uwarsa ta yafa mayafi, maƙwabta sun gama yanke hukunci: "Kala-azar ce, Inna, ga saifa nan ta tashi."

Wani malamin makaranta da muke shan shayi tare ya ce kada a raina wannan hali namu. Ka ga alamu, ka laluɓo dalilin da ya fi dacewa da su, hanya ce daga hanyoyin kimiyya, kuma wani Ba'amurke, Charles Peirce, ya yi dogon rubutu a kanta. Sai dai ba daga nan ake naɗe tabarma ba. William Leishman, wanda ƙwayar cutar ke ɗauke da sunansa, ya hango ta a saifar wani soja da ya kamu a Dum Dum ta Indiya, ya buga bayani a 1903, amma ya zaci dangin ƙwayar ciwon barci ce. An jima ana zargin kuɗin cizo da yaɗa ta. Sai a 1942 aka tabbatar wani ɗan mitsitsin ƙuda ne ke yaɗa ta, da aka bari ya ciji mutanen da suka yarda.

"To mu fa, Malam?" in ji wani dattijo. "Tun da iyayenmu suka yada zango nan a hanyar Makka muka san ƙauyukan bakin Rahad da Atbara sun fi fama. Duk inda aduwa da talha suka yi yawa, baƙar laka tana tsagewa da rani, akwai ta."

"Wannan hanya ta biyu ce, Baba. Ka gani sau da yawa, ka kafa ƙa'ida."

Masu bincike ma sun kafa takardu masu mai a dawa, sun ƙirga ƙudajen da suka maƙale, lissafinsu ya zo daidai da na Baba. Bambancinmu da su, suna rubuta har inda tarko ya kwana babu komai. Mu kuwa yaron da muka ce kala-azar ce, aka ɗebi jini aka ga taifot, ba wanda ke sake tada zancensa.

Hanya ta uku ce ta tada ƙura. Malam ya ce: in ƙudan ya fi yawa daga Maris zuwa Yuni, ciwon kuma yana yin watanni kafin ya bayyana, to wanda ya kwanta lokacin girbin riɗi, tun bazara aka cije shi. Ke nan gidan sauro a bazara ake buƙatarsa, lokacin da muke ninke shi mu jefa ƙasan akwati, mu fito da gadaje tsakar gida.

Ba wanda ya iya kushe lissafin. Baba dai ya kurɓi shayinsa ya ce a zafin Afrilu na Gadarif, sai Malam ya fara shiga gidan sauron a gani. Mai shayi ta tambayi Baba ko ya fi son allurar kwana 17 ta kala-azar.