Daren da Bibrafon Ya Gudu Ya Bar Ni

Jiya da daddare, a tsakiyar dinar biki, kayan kiɗana ya kama gabansa ya bar ni tsaye da sanduna huɗu a hannu.

Bibrafon sunansa. Tebur ne mai tayoyi, an jera masa ƙarafan alminiyam 37, kowanne da bututu a ƙarƙashinsa. A bakin bututun akwai ɗan faifai da ƙaramin inji ke juyawa, shi ke sa sautin karkarwa. Daga ƙasa kuma feda ce: ka taka sauti ya daɗe, ka saki ya ɗauke. A Amurka aka fara ƙera shi cikin shekarun 1920, Lionel Hampton ya yi suna da shi, Roy Ayers ma ya zo Najeriya a 1979 ya zagaya tare da Fela. Ban taɓa jin nasu ya gudu ba.

Na goge ƙarafan, na sauya bel ɗin injin, na ƙara ɗaure igiyar da ke ratsa su. Riƙon Gary Burton kuwa, sanda biyu a kowane hannu, na sha fama da shi har yatsuna suka yi kanta. Tayoyin suna da birki. Zauren kuma tayil ne mai santsi, ashe ya ɗan gangara wajen teburin iyayen amarya.

Taka fedar farko, na ga kamar ya matsa. Na ce idona ne. Na sake takawa, na kai duka da dukkan gwanintata, sai na daki iska. Sanda huɗu, iska huɗu.

To ga inda abin yake. Ƙafar damata tana kan feda, fedar kuma tana tafiya. In na ɗaga, sautin ya mutu a gaban jama'a. In ban ɗaga ba, sai na bi ta. Na bi ta. Malam, na bi ta da ɗingishi a ƙafa ɗaya, babbar riga tana jan ƙasa, ina miƙa hannu ina ɗan taɓa ƙarfen da ya fi kusa, ina murmushi wai don a ɗauka salo ne. Har yanzu in na rufe ido wannan murmushin nake gani. Mai ganga ya daina kiɗa ya saki baki. Waya ta miƙe, ta tsinke daga soket, inji ya tsaya, amma tebur bai tsaya ba. Sai da ya je ya yi sallama da kular shinkafar uwar amarya. Marfin ya faɗi yana ta juyi a tayil, kuma wallahi shi ne sauti mafi tsawo da aka ji daga ɓangarena a daren.

Ina tsugune ina laluben hulata sai ga kawun ango, tsohon direban tirela, ya dafa kafaɗata.

"Ɗana, ai a gangara ba a taka totur."

"Baba, ba totur ba ne, feda ce ta sauti."

"Duk abin da aka taka ya tafi, totur ne."

Ya duƙa ya leƙa bututun ɗaya bayan ɗaya, yana girgiza kai. "Salansa har wannan yawa? Dole ya yi gudu mana." Ya ce gobe in bar shi a giya ɗaya. Ya ce in samu yaron mota ya riƙa bina da weji. Ya ce shi ko a gangaren da ya fi wannan, bai taɓa sakin sitiyari ya riƙe sanduna ba. Na ce Allah Ya ƙara girma, Baba.

Har ya juya, sai ya dawo ya rage murya.

"Takardunsa dai sun cika ko?"