Yadda za ka gina gidan gumagumai da busasshen aljihu

Duk ɗan'uwanmu da ya yi shekara biyu yana biyan haya a Amurka ko Kanada, akwai ciwon da ke jiransa. Yana kwance bayan isha'i, waya a hannu, sai YouTube ya jefo masa wani mai gemu a dajin Alaska ko Finlan, gatari a kafaɗa, yana jera gumaguman itace ɗaya bisa ɗaya. Kafin minti ashirin gida ya tashi, hayaƙi na fita ta sama, shayi na tafasa. Nan lissafi ke farawa: itace dai Allah ne ya shuka, ƙarfi akwai, to me ya rage? Idan ciwon ya kai ka nan, malam, ba zan hana ka ba, don hani ƙara maka ƙaimi zai yi. Shawara zan ba ka, kuma ka riƙe ta da kyau, ita ce abu na ƙarshe da za ka samu kyauta a wannan harka.

Fara da fili. Hanya mafi sauƙi ita ce wadda Henry David Thoreau ya bi a 1845, da ya gina ɗakinsa a bakin tafkin Walden a jihar Massachusetts. Mutumin ya rubuta abin da ya kashe bai bar ko ƙwandala ba: dala 28 da santi 12 da rabi. Tun daga ranar masu son banza suke kafa hujja da shi. Abin da suke tsallakewa shi ne filin na abokinsa Ralph Waldo Emerson ne, gatarin aro ya yi, allunan kuma na bukkar wani leburan hanyar jirgin ƙasa ne da ya saya ya kwance. Ɗakin ma na katako ne, ƙafa 10 a 15, kuma shekara biyu da wata biyu ya yi a ciki ya tattara ya koma gari. Saboda haka mataki na farko, nemi aboki mai daji. In ba ka da shi, da can gwamnatin Amurka ce ke tsayawa a matsayin abokin: dokar 1862 ta ba da eka 160 ga duk wanda zai zauna ya noma ta shekara biyar. An rufe wannan ƙofa a 1976, a Alaska kuma a 1986. Ka makara, sai haƙuri.

Fili mai araha bai ƙare ba, kuma araha ba ta ado. Za ka same shi inda kwalta ta ƙare, wayar lantarki ta juya ta koma, ruwan famfo bai taɓa jin labarin wurin ba. Kafin ka sare reshe ɗaya sai ka fitar da hanyar da babbar mota za ta bi, ka haƙa rijiyar burtsatse, wadda mai haƙa ke lissafa maka ƙafa-ƙafa ko ya tarar da ruwa ko bai tarar ba, sannan ka gina sokawe bayan hukuma ta gwada ƙasar ta ga tana shanye ruwa. A nan yawancin kuɗin da ka ware wa gidan gaba ɗaya ke kwantawa a ƙarƙashin ƙasa, inda ba za ka iya ɗaukar hotonsu ka tura gida ba.

Sai itace. Ana son fain ko sida ko danginsu, miƙaƙƙe sambal, wanda gindinsa bai fi kansa kauri da yawa ba. Kada ka ga daji ba kowa ka ɗauka ba mai shi. A can kowace bishiya tana da takarda. Hukumar gandun daji ta Amurka tana sayar da izinin sara a wasu dazuzzukan gwamnati, mazauna Alaska ma doka ta ba su wani kaso kyauta duk shekara, sai dai kyautar a tsaye take a cikin daji, ɗaukowa naka ne. Ɗanyen gungume mai tsawon mita 9 da kaurin santimita 30 yana kai rabin tan. Irinsa gommai kake bukata. Mai gemun nan na bidiyo bai nuna maka taraktar da ke bayan kyamara ba.

Game da lokacin sara, masana sun kasu biyu, kuma kowa da gaskiyarsa. Wasu sun ce ka sare da hunturu, lokacin ruwan jikin bishiya ya ja baya, ƙasa ta daskare, gungume na sulɓi a kan dusar ƙanƙara, fumfuna ba ta kama shi. Wasu sun ce ka bari sanyi ya wuce, don a lokacin ne ɓawo ke saɓulewa da sauƙi. Zaɓi naka ne: ko yatsunka su daskare, ko sauro ya yi walima da kai. Ɓare ɓawon kuwa ba makawa, in ka bar shi ƙwari sun samu masauki. Ana yi da wata wuƙa mai mariƙi biyu da ake jawowa zuwa ciki, ka hau gungume ka yi ta ja daga safe har yamma. Ka sa tufafin da ka riga ka yafe, domin ƙaron fain ba ya jin sabulu.

Yanzu sai ka jira, kuma a nan ya kamata ka san Dick Proenneke, wanda shi ne shehin duk masu wannan ciwo. A 1967 ya je bakin tafkin Twin Lakes a Alaska, ya sare itatuwansa, ya ɓare su, ya jera su, ya tafi abinsa. Sai a 1968 ya dawo ya fara gini, bayan sun sha iska shekara guda. Da kayan hannu kawai ya yi aikin, har maratayan ƙofa da itace ya sassaƙa su, ya rufa saman da gansakuka, ya zauna a wurin kusan shekara talatin. Ɗakin na nan, hukumar gandun Lake Clark na kula da shi. Duk wanda ya kalli fim ɗinsa sai ya ji hannunsa na ƙaiƙayi. Amma kafin ka ce kai ma haka, duba takardunsa: kafinta ne tun yana sojan ruwa, makanikin manyan injuna ne, yana da ɗakin aboki a kusa da ya zauna ciki lokacin gini, yana da abokin da ke kawo masa kaya a ƙaramin jirgin sama, kuma bai taɓa aure ba. Wannan na ƙarshen ka sake karanta shi. Ba wanda ya taɓa tsayawa a kansa yana tambaya ina za a sa kicin.

Idan ba ka da haƙurin jira ka gina da ɗanyen itace, to ka shirya ganin abin al'ajabi: gidanka zai riƙa gajarta. Itace na bushewa yana tsukewa, nauyin na sama na danne na ƙasa, bangon da ka auna ƙafa 8 zai iya sauka da inci 6 cikin 'yan shekaru. Ƙofa da taga kuwa ba sa tsukewa. Magina na gaske suna barin sarari a saman kowace ƙofa da taga, su cusa abu mai laushi su rufe da allo, su kuma sa firam ɗin a cikin wani kwari da zai bar bango ya zame ƙasa ba tare da ya taɓa shi ba. Ginshiƙan da ke tsaye ana ɗora su a kan jak mai noti, lokaci-lokaci maigida ya shiga da sifana ya sassauta, gida ya sauka daidai. Bututun ruwa, matakala, bangon cikin gida, bututun hayaƙin murhu, kowanne sai an bar masa hanyar da gidan zai wuce shi. Kai da ke neman sauƙi, kana iya tsallake duk wannan. Ladan da za ka samu shi ne wata safiya ƙofar banɗaki ta ƙi buɗuwa kana ciki, gilashin taga ya tsage da tsakar dare ba wanda ya jefe shi, iyali su fara zancen a nemo malami ya yi wa gidan addu'a. Da dare kuma za ka riƙa jin ƙara kamar harbin bindiga. Gumaguman ne ke tsagewa ta tsawonsu yayin bushewa. Wannan ba komai, sai dai tsagar da ta kalli sama ka toshe ta, in ba haka ba ta zama kwatarniyar ruwan sama.

Kusurwa ita ce inda ake gane gwani. Mutanen Suwidin da Finlan, waɗanda suka kai wannan gini Amurka ta bakin kogin Delaware tun 1638, suna zana siffar gungumen ƙasa a jikin na sama, su ƙwaƙule shi har ya zauna daram, ko wuƙa ba ta shiga tsakani. Koyon wannan na cin shekaru, da gumagumai masu yawa da za su koma itacen girki. Akwai hanyar talaka: ba sassaƙa, ka ɗora gungume, ka huda, ka buga masa rodi da babbar guduma ya shige na ƙasa, ka matsa gaba kaɗan ka sake. Ɗaruruwan rodi. Bayan nan sai toshe sararin da ke tsakani, da can da laka da gansakuka, yanzu da wani danƙo na kanti da ake sayarwa bokiti-bokiti a farashin da zai sa ka tuna laka da alheri. Kada ka yi wasa da toshiyar nan. Bangon itace mai kaurin inci 6 bai kai bangon zamani da aka cusa wa soso riƙe ɗumi ba, in kuma iska ta samu kafa a watan Janairu, duk dajin da ka saya a murhu zai ƙare.

Tunda ba kuɗin hayar injin ɗaga kaya, gayya za ka kira. Ka yanka rago, uwargida ta yi dambu, ka sanar a masallacin Juma'a. Asabar ta farko za a cika, har da masu ɗaukar hoto. Ta biyu za a ragu. Ta uku kowa aikin dare ya yi. Dabara ita ce ka gayyaci mutane tun ba su san nauyin gungume ba, kuma kada ka gayyaci mutum ɗaya sau biyu a jere. Wanda ya zo sau huɗu, ka binciki lafiyarsa, ko kuma yana neman auren ƙanwarka.

Wani zai ce maka ka huta, kamfanoni na sayar da gidan a yayyanke, kowane gungume da lambarsa, haɗawa kawai. Gaskiya ne, kuma farashin da ke jikin tallar na da daɗin gani. Sai dai na ƙwarangwal ne. Fandisho, rufi, wayarin, famfo, daɓe, murhu, kuɗin motar da za ta kawo kayan, duk suna wata takardar da ba a nuna maka ba, kuma a ƙarshe itacen kan zama bai kai rabin kuɗin gidan ba. Banki kuwa bai cika son ba da bashin gini ga wanda zai yi da hannunsa ba, wanda a wajenka alheri ne: ka tsira daga kuɗin ruwa ba tare da ka sha wahalar yaƙi da zuciyarka ba. Sufeton gine-gine shi ma yana tafe. A wurare da yawa sai wani mai lasisi ya duba gumaguman ya buga musu hatimin inganci kafin a yarda su ɗauki rufi. Bishiyar da ka sare da hannunka, sai ka biya baƙo ya shaida cewa itace ce.

Wuri biyu ne ban yarda ka yi rowa ba: sama da ƙasa. Ɗaga fandisho sosai yadda ruwan da ke fallatsa daga ƙasa ba zai taɓa gungumen farko ba, ka kuma zazzago da rufi ya yi wa bango rumfa mai faɗi. Ruwa ne ajalin wannan gini. Cocin Kizhi da ke tsibiri a tafkin Onega na Rasha, wanda aka gina a 1714 da ƙubba 22, gwanayen duniya ne suka sassaƙa shi, amma a farkon shekarun 1980 sai da aka kafa masa ƙarafa a ciki don kada ya zube, aka kuma yi shekaru ana zare ruɓaɓɓun gumagumai ana musanyawa. Su gwamnati ce ke biya musu. Kai kuwa duk bayan 'yan shekaru za ka hau tsani ka wanke bango ka shafa masa mai, ka fesa maganin gara da tururuwa da ƙudan zuman da ke huda katako, ka kori tsuntsun nan mai ƙwanƙwasa itace wanda ya ɗauki gidanka kantin abinci. Kamfanin inshora kuma zai tambaye ka nisan gidan da motar kashe gobara, ya yi shiru, sannan ya faɗi kuɗinsa.

Saura maganar inda za ku zauna kafin a gama. Yawanci tsohuwar motar kwana ake saya a ajiye a gefen fili, a ce wa uwargida na wata shida ne. Kada ka faɗi shekarar. Duk wanda ya kira daga gida ya tambayi gini, amsa ɗaya ce: saura rufi. Tana aiki shekara uku cur ba ta tsufa.

In kuma an gama gidan ya fito a karkace, kada ka damu, a Amurka wannan jari ne na siyasa. A irin wannan ɗaki aka haifi Abraham Lincoln a Kentucky a 1809, haka James Garfield a Ohio a 1831. William Henry Harrison ma, da aka haifa a katafaren gidan masu gonaki a Virginia, da hoton bukkar gumagumai ya yi kamfe a 1840 ya ci zaɓe. Saboda haka ka yi ƙoƙari a haifa maka ɗa a ciki kafin ƙofa ta daina buɗuwa. Sai dai kafin ka sa masa ran kujerar, ka sani Lincoln da Garfield duk harbe su aka yi, Harrison kuma wata ɗaya ya yi a kan mulki ya rasu.